Makamin da ba ka da kayan gyaransa aro ne: Darasin tofido ga Najeriya

Duk wanda ya taɓa zama a bencin bakanike a Gyallesu ko Tudun Wadar Zariya ya san wannan hira. Mutum ya zo da mota mai kyan gani wadda ya samo da araha, bakanike ya zagaya ta, ya leƙa injin, sannan ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, motar ba laifi, amma ina za ka samo kayanta?" Idan babu su a Zariya, babu a Ƙofar Ruwa ta Kano, babu a Ladipo ta Legas, to ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya mutu a cikinta, ranar za ta hau duwatsu, kaji su mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Masu dawakin hawan salla a Zazzau ma sun san haka tun kafin zuwan mota: kuɗin sayen doki sau ɗaya ake biya, amma harawa da dusa da kanwa kullum ne.

Wannan ƙa'ida ta gareji ita ce take mulkin makamai mafi tsada a duniya, kuma babu makamin da ya fi bayyana ta kamar babban tofido, wato makamin da jirgin yaƙi mai nutso yake harbawa daga ƙarƙashin teku. Tsakanin Gyallesu da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 600, don haka mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa shi da wannan batu. Abubuwa uku ne. Na farko, shugabannin rundunar sojin ruwan Najeriya sun sha ambaton burin ƙasar ta mallaki jirgi mai nutso, kuma kuɗin zai fito ne daga baitulmalin da ake biyan albashin ma'aikaci da gyaran hanyar ɗan kasuwa. Na biyu, man fetur da iskar gas da suke samar wa ƙasar mafi yawan kuɗin waje, da kayan da suke cika shagunan Sabon Gari da Kantin Kwari, duk ta teku suke bi. Na uku, makarantar koyon fasahar makamai ta sojin ruwa tana Kachiya a Jihar Kaduna, kwalejinsu ta harkar tanadin kayan aiki kuma tana Dawakin Tofa a Jihar Kano. Ashe masu gyaran makaman teku da masu lissafin kayan gyaransu a tsakaninmu ake horar da su.

Mene ne babban tofido?

Tofido iri biyu ne. Akwai ƙarami, mai kaurin milimita 324, wanda jiragen sama masu saukar ungulu da jiragen ruwa na sama suke sakewa domin farautar jirgi mai nutso. Akwai kuma babba, mai kaurin milimita 533, tsawonsa kusan mita shida, nauyinsa ya haura tan ɗaya da rabi. Shi ne makamin da jirgi mai nutso ya dogara da shi. Samfurin Amurka mai suna Mk 48, wanda ya fara aiki a 1972 aka yi ta sabunta shi har yau, yana ɗauke da abin fashewa mai nauyin kusan kilo 300. Jamus tana da DM2A4, Italiya tana da Black Shark, Faransa tana da F21, Birtaniya tana da Spearfish, Turkiyya kuma ta ƙera nata mai suna Akya. Ƙasashen da suke iya ƙera irin wannan makami daga farko har ƙarshe ba su da yawa.

Kiran sa harsashi rage masa daraja ne. A haƙiƙa ƙaramin jirgi mai nutso ne marar direba. Yana da injinsa, ko dai mai ƙona wani mai na musamman da ba ya buƙatar iska, ko kuma mai amfani da batura. A goshinsa akwai na'urar sauraren sauti wadda take bin ƙarar farfelar jirgin da ake farauta. Yana da kwamfutar da take rarrabe jirgi na gaske da na'urar yaudara da abokin gaba ya jefa a ruwa. A bayansa kuma yana warware wata siririyar waya mai tsawon kilomitoci da dama, wadda ta ita ce matuƙan jirgin da ya harba shi suke ci gaba da yi masa linzami. Samfurin Jamus yana iya tafiyar fiye da kilomita 50 a ƙarƙashin ruwa.

Yadda yake kisa ma daban ne. An tsara shi ya fashe a ƙarƙashin cikin jirgi maimakon ya daki gefensa. Fashewar tana haifar da wata ƙatuwar kumfar iska wadda take ɗaga jirgin sama, sannan ta janye ta bar tsakiyarsa a kan rami, sai ƙashin bayansa ya karye. Haka ta faru da jirgin Koriya ta Kudu mai suna Cheonan a ranar 26 ga Maris, 2010, wanda ya rabu biyu, sojoji 46 suka mutu. Kwamitin bincike na ƙasashe da dama ya ɗora alhakin a kan tofidon Koriya ta Arewa, ita kuwa ta musanta.

Abin da ba a gani a ranar biki

Bindiga za a iya shafa mata mai a ajiye ta shekara goma, a ɗauko ta tashi. Tofido ba ya yarda da haka. Baturansa suna da wa'adi ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Robobin da suke hana ruwa shiga cikinsa suna bushewa. Man da wasu samfuran suke sha guba ne, yana buƙatar rumbu na musamman da ma'aikata masu horo. Bayan kowane 'yan shekaru dole a fito da shi daga jirgi a kai shi ma'aikatar gyara, a warware shi gunduwa-gunduwa, a gwada kowane sashe a kan na'urorin gwaji waɗanda kamfanin da ya ƙera shi ne kaɗai yake sayarwa.

Sannan akwai atisaye. Matuƙan da ba su taɓa harba tofido ba, ba za su iya ba ranar yaƙi. Don haka ake cire abin fashewar, a harba makamin a filin gwaji na cikin teku, ya yi tafiyarsa, ya taso sama, wani jirgi ya je ya tsamo shi. Daga nan a wanke shi, a sauya wayar linzamin da ta riga ta warware, a sauya robobi, a sake zuba mai ko a sa sabon batir. Kowace harbawa tana cin kayan gyara. Rundunar da ta ƙi yin atisaye don tsimin kayan gyara tana da makamin da ba ta san ko yana aiki ba.

Wannan ne ya sa farashin yake da ban tsoro. A watan Mayun 2020 gwamnatin Amurka ta amince a sayar wa Taiwan tofido 18 samfurin Mk 48 a kan kimanin Dala miliyan 180. Kuɗin ya haɗa da kayan gyara, na'urorin gwaji, akwatunan dako, littattafan aiki da horar da ma'aikata. Idan aka raba, kowane ɗaya ya tashi a Dala miliyan 10, wato Naira biliyan 15 idan aka lissafa Dala a kan Naira 1,500. Wannan fa kuɗin makamin ne kawai, ba a zo kan jirgin da zai ɗauke shi ba. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na Amurka ya daɗe yana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da manyan makamai suke ci a tsawon rayuwarsu yana tafiya ne a kan gudanarwa da gyara. Kuɗin saye, wanda shi ne ake karantawa a labarai, shi ne ƙaramin kaso.

Ita kanta Amurka ba ta tsira ba. Ta dakatar da ƙera sabbin Mk 48 a shekarun 1990, ta dogara da sabunta tsofaffin da take da su. Da ta tashi sake buɗe layin ƙira a wajajen 2016, sai da aka sake zana sassa da dama, domin kamfanonin da suke yin su a da sun daina. Idan mai ƙerawa yana fama da ƙarancin kayan abin da ya ƙera, mai saye da ke bayan layi ya san matsayinsa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Tarihin yaƙin teku cike yake da makaman da suka ci amanar masu su. Lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disambar 1941, babban tofidonta Mk 14 yana tafiya kimanin mita uku ƙasa da zurfin da aka saita masa, na'urar tayar da fashewarsa kuma tana yawan ƙin tashi. Matuƙa sun yi ta kai ƙara, hukumar makamai ta yi ta ɗora musu laifin rashin iya saiti. Sai a ƙarshen 1943 aka gama gano matsalolin. Tushen abin shi ne kafin yaƙi an ƙi yin gwajin gaske saboda ana ganin makamin ya yi tsadar da ba za a fasa shi a banza ba.

Yaƙin tsibiran Fokland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina ya nuna fuskokin darasin guda biyu. A ranar 2 ga Mayu jirgin Birtaniya mai nutso, Conqueror, ya nutsar da babban jirgin yaƙin Ajantina, General Belgrano, mutum 323 suka mutu. Kwamandan yana da sabon tofido mai waya, Tigerfish, amma ya zaɓi tsohon samfurin Mk 8 wanda aka zana tun shekarun 1920, domin shi ne ya amince zai tashi. A ɗaya ɓangaren, jirgin Ajantina mai nutso, San Luis, ƙirar Jamus, ya kusanci jiragen Birtaniya ya harba sabbin tofidonsa na Jamus, babu wanda ya nutsar da komai. Kwamfutar saitin jirgin ta lalace, kuma bayanan da suka biyo baya sun nuna akwai kurakurai a yadda ake kula da makaman. Jirgi na zamani, matuƙa masu ƙarfin hali, amma an fafe gora ranar tafiya.

Wani lokaci makamin masu shi yake kashewa. A ranar 12 ga Agusta, 2000, jirgin Rasha mai nutso, Kursk, ya nutse a Tekun Barents da mutum 118. Binciken gwamnatin Rasha ya gano cewa sinadarin man wani tofidon atisaye ne ya yi yoyo ya fashe, ya tayar da sauran makaman da ke ɗakin. A watan Nuwamban 2017 Ajantina ta rasa San Juan da mutum 44, bayan ya ba da rahoton ruwa ya shiga ɗakin baturansa. A ranar 21 ga Afrilu, 2021, jirgin Indunusiya, Nanggala, wanda ya shekara 40 yana aiki, ya ɓace a arewacin tsibirin Bali yana shirin atisayen harba tofido, da mutum 53 a ciki. Mota idan ta mutu a hanyar Kaduna, fasinja sauka suke yi su nemi inuwa. Jirgi mai nutso ba shi da gefen hanya.

Linzamin yana hannun mai sayarwa

Ko kuɗi yana nan, siyasa tana iya rufe ƙofa. Indiya ta ƙulla yarjejeniya da Faransa a 2005 domin gina jirage shida masu nutso samfurin Scorpène a Mumbai. An tsara za su ɗauki Black Shark na Italiya, guda 98. Sai wata badaƙalar cin hanci ta taso a kan cinikin jirage masu saukar ungulu da wani kamfani na rukunin masu ƙera tofidon, gwamnatin Indiya ta soke cinikin a 2016. Da aka ƙaddamar da jirgi na farko, Kalvari, a Disambar 2017, babu makamin da aka gina shi dominsa, sai aka nemo tsofaffin tofidon Jamus daga rumbu aka daidaita masa.

Tailan ta sa hannu da ƙasar Sin a 2017 domin sayen jirgi mai nutso wanda aka rubuta zai yi amfani da injin Jamus. Jamus ta ƙi ba da izinin fitar da injin zuwa Sin, saboda takunkumin makamai da Tarayyar Turai ta sa wa Sin tun 1989. Aikin ya tsaya cik na shekaru a kan sashe guda ɗaya, duk da cewa rigimar ba ta Tailan ba ce.

A Afirka ƙasashe uku ne suke da jirage masu nutso da suke aiki: Masar, Aljeriya da Afirka ta Kudu. Libiya ta taɓa sayen guda shida daga Tarayyar Sobiyet, suka ruɓe a tashoshi. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowace ƙasa a kudu da Sahara ƙarfin masana'antar makamai, ta karɓi guda uku daga Jamus tsakanin 2005 da 2008. Na farkon, Manthatisi, bai daɗe da fara aiki ba ya koma tashar gyara ta Simon's Town, inda ya shafe shekaru. Har yanzu ƙarancin kuɗin babban gyara ne yake hana jiragen uku fita teku yadda aka tsara.

Najeriya ta ɗanɗani irin wannan a wasu makaman. A farkon yaƙin basasa a 1967, da Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar mata da jiragen yaƙi na sama, Masko ta nufa. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamba, 1995, Tarayyar Turai ta sa mata takunkumin makamai wanda ba a ɗage ba sai 1999, kuma a lokacin yawancin manyan kayan rundunonin ƙasar ƙirar Turai ne. A 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, domin dokarta ta ba ta ikon hana wanda ya sayi makaminta ya sayar wa wani. Jiragen Jaguar 18 da aka sayo daga Birtaniya a tsakiyar shekarun 1980 ba su cika shekara goma suna tashi ba, aka jere su a Makurɗi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Labarin Aradu

Misali mafi kusa da batunmu shi ne NNS Aradu, babban jirgin yaƙin ruwan Najeriya, wanda kamfanin Blohm + Voss ya gina a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 125 ne. Ya zo da makamai masu linzami, da bututun harba ƙananan tofido guda shida, aka kuma sayo jirage masu saukar ungulu samfurin Lynx guda uku domin su taya shi farautar jirage masu nutso. A zamaninsa babu kamarsa a Yammacin Afirka.

Kuɗin da aka saye shi da su na zamanin tashen fetur ne. Da farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, takunkumi ya biyo baya, sai kayan gyara suka yanke. Jiragen Lynx suka daina tashi. An yi ƙoƙari an tayar da Aradu ya je Birtaniya a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, ya kuma je Barazil a 2007, amma mafi yawan shekarunsa a ɗaure ya yi su a bakin tasha a Legas. A 2023 rundunar ta sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin a sake gyara shi, yana da shekara 41 a lokacin. Ba a taɓa nutsar da Aradu a yaƙi ba. Abin da ya zaunar da shi shi ne abin da yake zaunar da mota a Gyallesu.

Akwai kuma batun canji, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa sani. Kafin Yunin 2023 Dala a farashin gwamnati tana wajen Naira 460. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Duk yarjejeniyar kayan gyara da aka rubuta da Dala ko Yuro ta ninka sau uku a kasafin Naira ba tare da an ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Jirgi mai nutso yana rayuwar shekara 30 zuwa 40. Wanda ya saye shi ya ɗaure kasafin gwamnatoci bakwai zuwa goma masu zuwa da bashin kuɗin waje.

Hujjar masu so

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu tana da nauyi. Jirgi mai nutso guda ɗaya da ba a san inda yake ba yana tilasta wa abokin gaba ya yi taka-tsantsan a duk faɗin teku. Bayan nutsar da Belgrano, manyan jiragen Ajantina sun koma kusa da gaɓa, ba su sake tunkarar rundunar Birtaniya ba har yaƙin ya ƙare. San Luis ma, duk da makamansa sun ƙi tashi, ya sa Birtaniya ta ɓarnatar da lokaci da makamai masu yawa tana nemansa. Ƙasa mai gaɓar teku ta kimanin kilomita 853, da yankin tattalin arziki na mil 200 cikin teku, da rijiyoyin mai irin Bonga da ke nisan kilomita 120 daga gaɓa a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, tana da abin karewa.

Ƙarƙashin tekun ma ya zama fagen da ba za a yi watsi da shi ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet guda huɗu da suke kwance a ƙasan teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa. Masu POS da bankuna da 'yan kasuwar da suke tura kuɗi ta waya, daga Legas har Zariya, sun ji a jikinsu. Fasa bututun gas na Nord Stream a Tekun Baltik a Satumbar 2022 ya nuna cewa ana iya kai irin wannan hari da gangan.

Sai dai idan aka dubi masu yi wa Najeriya ɓarna a ruwa yau, babu ko ɗaya da babban tofido zai yi maganinsa. Ɓarayin ɗanyen mai a rafukan Neja Delta da kwale-kwale da baji suke aiki. 'Yan fashin teku, waɗanda suka sace ma'aikatan jirage 130 a Mashigin Tekun Gini a 2020 cikin 135 da aka sace a duk duniya, da ƙananan jirage masu gudu suke kai hari, kuma sintiri da jiragen leƙen asiri da shirin Deep Blue da aka ƙaddamar a Yunin 2021 ne suka taimaka wajen rage su. Mayaƙan ISWAP a tsibiran Tafkin Chadi a ruwa marar zurfi suke. Babu wata ƙasa a Mashigin Tekun Gini da take da jirgi mai nutso. Kariyar wayoyi da bututun ƙasan teku kuwa tana farawa ne da sanin taswirar ƙasan, da na'urorin saurare, da ƙananan na'urori marasa matuƙi masu leƙa zurfi. Jirgin safiyo NNS Lana da aka karɓa daga Faransa a 2021 mataki ne a wannan hanya, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na jirgi mai nutso ba.

Abin da ke hannunmu

Ba daga sifiri za a fara ba. Ma'aikatar jiragen ruwa ta sojin ruwa da ke Legas ta gina NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016 da NNS Oji a 2021. Ƙanana ne, amma waɗanda suka haɗa su sun san kowace waya da ke cikinsu. A Kaduna akwai kamfanin ƙera makamai na DICON tun 1964, wanda aka sabunta dokarsa a 2023 domin ya iya haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. A Kadunar ne aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Fabrairun 2018. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama tun 1964, akwai tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da masanan jami'ar suke gudanarwa tun 2004, wadda aka sauya mata makamashi a 2018 ƙarƙashin sa idon hukumomin duniya. Garin da ya iya riƙe irin wannan na'ura shekara 20 zai iya horar da masu gyaran batura da na'urorin sauraren sauti, idan an ba shi aikin da kuɗinsa.

Turkiyya, wadda kamfaninta ya karɓi aikin gyaran Aradu a 2023, ta san zafin takunkumi. Amurka ta sa mata na makamai a 1975 bayan rikicin Saifurus, daga nan ta fara kafa kamfanonin tsaro na cikin gida. Ta fara da gyara da haɗa kayan wasu. Sai bayan kusan shekara 50 ta kai ga harba babban tofidon da ta ƙera da kanta. Hanyar ke nan, kuma ba ta da gajeriyar mahaɗa.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Ranar da takardar sayen jirgi mai nutso, ko kowane babban makami, ta iso gaban kwamitocin sojin ruwa na Majalisar Tarayya, akwai tambayoyin da bai kamata a fake da sirrin tsaro a ƙi amsawa ba. Nawa zai ci a shekara 30, kuma kashi nawa ne da kuɗin waje? Kayan gyara na shekara nawa ne suke cikin yarjejeniyar, kuma a wane rumbu za a ajiye su? A ina za a riƙa yin babban gyara, a Najeriya ko a ƙasar mai ƙerawa? Gwamnatoci nawa ne suke da ikon hana sassan da ke cikinsa isowa? Injiniyoyin Najeriya za su sami littattafan ƙira da damar taɓa kwamfutar makamin, ko akwatin a rufe zai zo? Sau nawa za a harba na atisaye a shekara? Idan jirgin ya maƙale a ƙasan teku da 'ya'yan mutane a ciki, wa zai je ceto, kuma cikin awa nawa?

'Yan ƙasa sun nuna suna iya sa ido. A Nuwamban 2023, da aka ga Naira biliyan biyar na jirgin ruwan shugaban ƙasa a cikin ƙaramin kasafin kuɗi ƙarƙashin sojin ruwa, hayaniyar jama'a ta sa majalisa ta ce ta cire kuɗin. Abin da ya rage shi ne a koyi sa ido a kan layukan da ba su da armashi a kanun labarai, wato na gyara da kayan gyara da horo. Su ne ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, domin ba a yanka ƙyalle a bikin sauya batir.

Ma'aikacin gwamnati da ya taɓa ganin janareta ko motar asibiti da aka sayo da miliyoyi ta mutu a harabar ofis saboda babu kasafin sabis ya riga ya fahimci batun. Ɗan kasuwar da ba ya sayen injin niƙa sai ya tabbatar akwai mai gyaransa a Panteka ta Kaduna shi ma ya fahimta. Kafin Najeriya ta nemi jirgi mai nutso, ta fara nuna cewa jiragen da take da su suna fita teku a duk ranar da aka neme su, kuma kuɗin gyaransu yana fita daga baitulmali a kan lokaci. Idan Aradu ya dawo ya yi shekara goma yana aiki ba tare da ya sake komawa bakin tasha ba, a lokacin ne maganar tofido za ta cancanci a saurare ta.